Sayen tsohon gidan jere a Manchesta: abin da ya kamata a duba kafin a sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Manchesta, kuma ni da maigidana mun gaji da biyan haya. Mun ga wani gida a unguwar Longsight, irin gidajen nan na jan bulo da ke jere manne da juna, mai ɗakunan kwana uku, wanda dillali ya ce an gina shi wajajen 1900, ana neman fam 220,000. Wasu 'yan'uwa sun ce mu guji tsohon gida domin danshi da gyara ba za su bar mu mu huta ba. Maigidana yana da gida a Kaduna, ni kuwa ban taɓa mallakar gida ba. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar 'yan'uwan naku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Gidan da ya haura shekara 120 a tsaye ya riga ya nuna cewa ginin asali yana da ƙwari, kuma a aikin duba gine-gine kafin saye, abin da ya fi jawo wa mutane asara shi ne gyare-gyaren da masu gidan suka riƙa yi masa daga baya, kowa da irin tasa dabarar da ƙarfin aljihunsa. Ƙari a kan haka, gidan jere yanki ne na dogon gini guda: bangonsa na dama da na hagu na tarayya ne, rufinsa a haɗe yake da na maƙwabta, sau da yawa ma bututun ruwan sha da magudanar bayan gida ɗaya ne. Don haka tambayar da za ku riƙe ita ce, me aka yi wa wannan gida tun bayan gina shi, kuma me kuke tarayya a kansa da mutanen da ba ku zaɓa ba.

Yana da kyau ki fara da sanin yadda aka gina shi. Galibin waɗannan gidaje an yi su ne domin ma'aikatan masaƙu da masana'antu, bayan dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1875 ta ba ƙananan hukumomi ikon tsara faɗin titi, da magudanan ruwa, da filin da za a bari a bayan kowane gida. Bangonsu toshe yake, kaurinsa kimanin inci 9, babu ratar iska a tsakiya kamar yadda aka saba yi daga shekarun 1920 da 1930 zuwa yau. An haɗa bulon da kwaɓin farar ƙasa, harsashin ginin bai yi zurfi ba, daɓen ɗakunan ƙasa katako ne da aka shimfiɗa a kan rami mai shan iska, rufin kuma falalen dutse ne marasa nauyi da ake kawowa daga Wales. Kusan kowane ɗaki yana da murhun kwal da bututun hayaƙi, bayan gida kuwa a tsakar gida yake ta baya. Duk abin da kika gani a gidan yau wanda ya saɓa da wannan siffa, wani ne ya sauya shi, kuma kowane sauyi yana buƙatar a tambayi wanda ya yi shi da takardar da ta halatta shi.

Danshi shi ne abin da aka fi tsorata ku da shi, kuma a nan ne aka fi cutar masu saye. Tsohon bango irin wannan yana shan ruwa idan an yi ruwan sama, sannan ya fitar da shi ta cikin kwaɓin farar ƙasa idan iska ta buga shi, kuma murhun da ke ci kullum da iskar da ke shiga ta tagogin katako suna busar da cikin gidan. Da mutane suka toshe murhu, suka sa tagogin roba masu rufewa ruf, suka cike tsakanin bulo da siminti, wasu ma suka shafe bangon waje gaba ɗaya da filastar siminti ko fenti mai hana ruwa wucewa, sai ruwan ya rasa hanyar fita ya koma ciki. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa a cikin birnin Kano da aka yi wa filastar siminti, yadda laima ke taruwa a bayanta har filastar ta ɓanɓare ta zubo da ƙasar, ya riga ya fahimci abin da ke faruwa a nan. Saboda haka idan kin je duba gidan, ki tsaya a waje tukuna ki kalli bangon. Ki duba ko indararon rufi da bututun da ke sauko da ruwa suna yoyo, domin layin kore ko baƙi da ya sauko a jikin bulo shaida ce ta hakan. Ki duba ko an ɗaga daɓen tsakar gida ko na ƙofar gida har ya kusa kai tsayin daɓen ciki, domin ƙa'ida ita ce ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15, wato layin bulo biyu, ƙasa da shimfiɗar da ke hana laima hawa bango. Ki kuma nemi ƙananan bulo masu huji da ke gindin bangon gaba da na baya. Su ne ke shigar da iska ƙarƙashin daɓen katako, kuma idan an toshe su, ko an gina kicin a baya da daɓen kankare ya rufe hanyarsu, katakon da ke ɗauke da daɓen yana iya ruɓewa a ɓoye shekara da shekaru. Ki taka kusurwoyin falo da ƙarfi, musamman wajen tagar gaba, ki ji ko daɓen yana lotsawa.

Akwai wata al'ada da nake son ki yi hattara da ita. Idan rahoton banki ya ambaci danshi, akan ce a kira kamfanin maganin danshi ya zo ya duba kyauta, shi kuma kusan kullum amsarsa ɗaya ce, wato laima ce ke tasowa daga ƙasa, a huda bango a ɗura sinadari, a sake filasta zuwa tsayin mita ɗaya. Na'urar da suke dannawa a bango an ƙera ta ne domin auna laimar katako, kuma gishirin da ke cikin tsohuwar filasta yana sa ta nuna ja ko da bangon a bushe yake. Wanda ke sayar da magani ba shi ne ya dace ya faɗi cutar ba. Gara ku biya mai binciken danshi mai zaman kansa wanda ba ya sayar da komai, domin a yawancin gidajen nan maganin bai wuce gyara indararo, da rage tsayin daɓen waje, da buɗe hanyoyin iska ba. Sannan wani kaso mai yawa na baƙin funfunar da ake gani a kusurwar ɗaki da bayan kabad daga mazauna gidan yake fitowa: tururin girki mai daɗewa a kan wuta, da shanyar tufafi a ɗaki lokacin hunturu, da rufe tagogi domin tsoron sanyi. Wannan kam ko sabon gida kuka saya zai biyo ku, sai an sa fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki kuma ana dumama gidan daidai gwargwado.

Abin da ya fi danshi haɗari, kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne abin da aka cire daga ginin. Mutane da yawa sun rushe ƙirjin murhu, wato ginin bulon da ya turo cikin ɗaki yana ɗauke da bututun hayaƙi, a falo ko a ɗakin kwana domin su sami fili, suka bar sauran bututun hayaƙin a sama, a cikin rufi da kan rufi, wanda nauyinsa na bulo ne mai yawa, ba tare da ƙarfen da zai tallafe shi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki ƙirga bututun hayaƙin da ke kan rufi daga waje, sannan ki bi ɗaki-ɗaki ki ga ko kowanne yana da jikinsa har ƙasa. Haka ma bangon da ke raba falon gaba da na baya, wanda ake yawan cirewa a mayar da su babban falo guda. Wannan bango yana ɗauke da daɓen bene, kuma cire shi yana buƙatar gindaya ƙarfe da lissafin injiniya da takardar amincewar sashen kula da ƙa'idojin gini. Idan mai gidan ba shi da takardar, lauyansa zai yi tayin sayen wata inshora mai arha. Ki sani cewa inshorar nan tana kare ku ne kawai daga matakin da hukuma za ta iya ɗauka, ba ta tabbatar da cewa ƙarfen yana nan ko ya isa ba, kuma idan kuka tuntuɓi hukuma da kanku a kan batun kafin a saye ta, ba za a sayar muku da ita ba. Abin da zai kwantar da hankali shi ne injiniyan gini ya buɗe ya gani.

Maganar ɗakuna uku ma tana buƙatar tambaya, domin da yawa daga cikin ƙananan gidajen jere asalinsu ɗakuna biyu ne a sama da biyu a ƙasa. Ɗaki na uku yakan fito ne ta ɗayan hanyoyi uku: ko yana kan ɓangaren da ya miƙe ta baya tun asali, ko an raba babban ɗaki biyu, ko an mayar da cikin rufi ɗaki. Idan na ƙarshen ne, a nemi takardar kammala aiki, domin ɗakin rufi da ba a ƙarfafa daɓensa ba, ba a yi masa matakala ta ƙa'ida da ƙofofin tare wuta ba, bai cancanci a kira shi ɗakin kwana ba, bai kamata ku biya kuɗin ɗakin kwana a kansa ba, kuma ban ba da shawarar a kwantar da yara a ciki ba. Banɗaki da kicin da aka ƙara ta baya su ma a duba kaurin bangonsu, domin wasu tsofaffin ɗakunan ajiyar kwal ne da aka gyara, bangonsu rabin bulo ne, sanyi da laima ba sa rabuwa da su.

Lallai a leƙa cikin rufi da tocila. A wasu tsofaffin layuka bangon da ke tsakanin gida da gida bai kai ƙololuwar rufi ba, ta yadda mutum zai iya bi ta sama daga wannan gida zuwa wancan, wuta ma haka, kuma wasu bankuna sukan ce sai an gina shi kafin su saki kuɗi. Idan an sauya falalen dutse da tayil na kankare, wanda ya fi su nauyi sosai, a duba ko an ƙara wa katakon rufin ƙarfi. Daga tsallaken titi ana iya ganin rufin da ya lotsa a tsakiya idan aka kwatanta shi da na maƙwabta. Idan kuma an fesa kumfar roba a ƙarƙashin rufin da sunan hana sanyi, ku sani cewa bankuna da dama ba sa ba da rance a kan irin wannan gida, domin kumfar tana ɓoye katako kuma tana iya riƙe laima, cire ta kuwa aiki ne mai tsada.

Tsaga a bango ba kullum take nufin gida yana nutsewa ba. Tsohon gida ya motsa ya zauna tun da daɗewa, kuma ƙofa da ta ɗan karkace ko siririyar tsaga a filasta ba abin tayar da hankali ba ne. Wadda ake tsoro ita ce tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a gefe ɗaya, ana ganinta ciki da waje, faɗinta ya wuce milimita 5, musamman a inda tagar gaba mai turowa waje ta haɗu da bango, ko inda ɓangaren baya ya haɗu da uwar gida. Galibi sanadin shi ne fasasshen bututun ƙazanta da ke wanke ƙasar ƙarƙashin harsashi, ko babbar bishiya kusa da gini a ƙasa mai yumɓu. A Manchesta akwai ƙarin dalili, wato tsofaffin ramukan haƙar kwal. Ma'adinin Bradford da ke gabashin birnin, kusa da inda filin wasan Manchester City yake yanzu, an rufe shi ne a 1968, kuma lalacewar gine-gine saboda nutsewar ƙasa tana cikin abin da ya jawo rufewar. Lauyanku zai nemi rahoton haƙar kwal idan gidan yana cikin yankin da abin ya shafa, kuma ku tambayi mai gidan a rubuce ko an taɓa neman diyyar inshora a kan nutsewa, domin hakan yana shafar kuɗin inshorar da za ku riƙa biya.

Wayar lantarki da tukunyar dumama gida ba sa buƙatar dogon bayani: a nemi rahoton gwajin wayoyi na kwanan nan, a nemi takardar duba tukunyar daga ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin iskar gas, in babu kuwa ku biya a yi kafin ku ƙulla ciniki. Gidan da aka gina kafin 1970 yana iya kasancewa da bututun ruwan sha na dalma, abin da ke da illa ga ƙananan yara da masu juna biyu, kuma a gidajen jere akan tarar bututu guda ne ke shayar da gidaje da dama, shi ya sa ruwa ke rauni idan maƙwabci ya buɗe famfo. Asbestos kuwa, wani kayan gini da ƙurarsa ke jawo cutar huhu, sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, don haka silin mai zanen tudu-tudu da tsohon tayil na roba a daɓe kada a kankare su sai an gwada. Takardar ingancin makamashi ta irin wannan gida galibi tana nuna D ko E, amma gidan da ke tsakiyar layi yana da fa'ida, domin bango biyu kaɗai ke fuskantar sanyin waje.

Duk waɗannan, wanda zai tattara muku su shi ne safiyon gini mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi ta Birtaniya. Ziyarar da banki ke aikawa a yi domin kimanta gida ta banki ce, tana tabbatar masa ne cewa gidan ya kai kuɗin da zai bayar, wani lokaci ma ba a shiga gidan. Rahoton safiyo yana da matakai uku, kuma ga gidan 1900 da aka sha yi wa gyara, mataki na 3 nake ba da shawara, ko da yake kuɗinsa yana kamawa daga ɗaruruwan fam zuwa sama da dubu. Kafin ya je, ki rubuta masa abubuwan da kika gani, ki roƙe shi ya shiga cikin rufi ya kuma buɗe murfin kwatami. Bayan rahoton ya fito ki kira shi a waya, domin rubutun safiyo cike yake da kaffa-kaffa, amma a baki zai gaya miki wanne ne na gaggawa, wanne ne zai iya jira shekara biyar.

Yanzu sai takardu, kuma a nan Manchesta ta bambanta da yawancin Ingila. Mallakar gida iri biyu ce: ta dindindin, inda gida da ƙasar duk naka ne, da ta wa'adi, inda ƙasar ta wani ce kai kuma kana riƙe da gidan na adadin shekaru. Wanda ya saba da takardar mallakar fili ta shekara 99 a Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba. A arewa maso yammacin Ingila tsofaffin gidajen jere da yawa na wa'adi ne, amma wa'adin yakan kasance shekara 999, da kuɗin ƙasa na 'yan fam kaɗan a shekara, kuma wannan ba abin gudu ba ne. Abin dubawa shi ne shekarun da suka rage, domin idan sun yi ƙasa da 80 bankuna sukan fara ja da baya, sai kuma sharuɗɗan da ke cikin takardar, irin su neman izinin mai ƙasa kafin a ƙara gini, da kuma ko an san mai ƙasar ma. Dokar 1967 ta ba mai irin wannan gida damar sayen ƙasar ya mayar da mallakarsa ta dindindin. Ko gidan na dindindin ne, a Manchesta akan tarar da wani tsohon kuɗi na shekara-shekara da ke rataye a kansa, wanda dokar 1977 ta tsara cewa mafi yawansa zai ƙare a 2037. Da fam 7 za ki iya sauke bayanin mallakar gidan daga hukumar rajistar filaye ta intanet tun kafin ku ɗauki lauya, ki ga nau'in mallakar da sunan mai shi.

Lungun da ke bayan gidajen shi ma a tambaya: na hukuma ne ko na mazauna, kuna da haƙƙin bi a rubuce, kuma akwai maƙwabcin da ke da haƙƙin ratsa tsakar gidanku ya fitar da kwandon shararsa? Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a gidajen jere, kuma ga iyalin da ke son sirri a tsakar gida ba ƙaramin abu ba ne. Idan akwai rariyar wucewa tsakanin gidaje biyu kuma ɗakin ɗayansu ya hau kanta, lauya ya duba yadda aka rubuta wannan a takarda, domin bankuna suna da ƙa'ida a kai. Magudanar ƙazanta da gidaje ke tarayya a kanta ta koma hannun kamfanonin ruwa tun Oktoban 2011, wanda sauƙi ne wajen gyara, amma yana nufin in kuna son ƙara gini a kanta ko kusa da ita da mita 3 sai da yardar kamfanin. Idan kuna da niyyar faɗaɗa gidan nan gaba, ƙa'idar gama-gari ta yarda gidan jere ya ƙara mita 3 ta baya a hawa ɗaya, da sarari mai girman kubik mita 40 (awon tsawo da faɗi da tsayi a haɗe) a cikin rufi, ba tare da cikakken izinin tsara gari ba, sai dai in unguwar tana ƙarƙashin kariya ta musamman ko an riga an cinye wannan damar. Babban aikin gini da zai taɓa bangon tarayya kuwa, dokar 1996 ta wajabta a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara.

Gidan maigidanki na Kaduna yana da tasiri fiye da yadda kuke zato, ta fuskar harajin sayen gida. Tun daga 1 ga Afrilun 2025, mai sayen gida na farko a Ingila ba ya biyan komai har zuwa fam 300,000, amma sharaɗin shi ne bai taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya ba, ko da ta hanyar gado ne, kuma idan mutum biyu ne ke saye dole dukansu su cika sharaɗin. Idan kuka saya tare, rangwamen ya faɗi, sai ku biya harajin da aka saba: babu komai a kan fam 125,000 na farko, sai kashi 2 cikin ɗari a kan ragowar fam 95,000, wato fam 1,900. Wannan lissafi yana tsayawa ne idan darajar gidan Kaduna ba ta kai fam 40,000 ba. Idan ta kai, ana ɗaukar na Manchesta a matsayin ƙarin gida, sai a ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan kowane mataki, harajin ya tashi zuwa fam 12,900. Kuma sayen gidan da sunanki ke kaɗai ba ya kuɓutar da ku daga wannan ƙari, domin a wannan babi doka tana ɗaukar miji da mata da ke tare a matsayin mutum ɗaya. Inda sunanki kaɗai zai yi amfani shi ne idan gidan Kaduna bai kai fam 40,000 ba, nan kam harajin zai iya zama sifili, sai dai banki zai fi dogara ga albashinki wajen auna rancen. Don haka ku samo kimar gidan Kaduna a rubuce daga ƙwararren mai kimanta kadara, ki kuma tuna ko kina da kaso a gidan gado, ku gaya wa lauya gaskiya tun farko. Ana biyan harajin cikin kwana 14 da kammala ciniki, kuma ku ne ke sa hannu a kan bayanin, ba lauya ba.

Lauya da banki za su tambayi asalin kowane fam na kafin alƙalami, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta tilasta musu. Kuɗin adashi, ko wanda aka aiko daga gida ta hannun ɗan canji, ko gudummawar ɗan'uwa, duk halal ne, amma in babu takardar da ta nuna hanyarsu za su iya tsayar da ciniki. Ku tara bayanan asusu, da wasiƙar kyauta daga duk wanda ya taimaka, tun yanzu. Idan ba ku da izinin zama na dindindin, bankuna da yawa sukan nemi kafin alƙalami mafi girma. Idan kuma kuna gudun riba, akwai tsarin sayen gida na Musulunci, inda banki ke saye tare da ku, kuna biyan haya a kan kasonsa kuna saye a hankali, kamar yadda Gatehouse Bank ke yi, kuma tun 2003 aka gyara doka domin kada a biya harajin saye sau biyu a irin wannan tsari. Su ma suna da sharuɗɗa a kan yanayin gini da tsawon wa'adin mallaka, don haka a tambaye su kafin a kashe kuɗin safiyo.

Ku koma unguwar da dare da kuma ranar Asabar. Ku ga ko akwai wurin ajiye mota, tunda gidajen nan ba su da gareji, ku tsaya shiru a ɗakin kwana ku ji yawan ƙarar da ke ratso bango, ku lura ko gidajen da ke gefe na iyali ne ko na haya ɗaki-ɗaki. Ku kalli rufi da indararon maƙwabta kamar naku ne, domin yoyon gidan da aka yi sakaci da shi a bangonku zai ɓulla. Ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci a gaisa yana fito da labarin da dillali ba zai faɗa ba, tunda shi wakilin mai sayarwa ne.

A Ingila, amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa ba har sai ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, inda akan biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gidan. Kafin wannan rana mai gida yana iya karɓar tayin wani, ku ma kuna iya janyewa ko ku nemi ragi. Saboda haka idan rahoton safiyo ya nuna aiki, ku samo farashin gyara a rubuce daga magina biyu ko uku ku kai wa dillali, domin ragin da aka nema da takarda ya fi samun karɓuwa. A ganina, danshi da tsohuwar waya da rufin da ya gaji duk abubuwan ciniki ne, ana rage kuɗi a gyara. Abubuwan da za su sa in ce ku haƙura da gidan su ne nutsewar da har yanzu take ci gaba, da bango ko murhun da aka cire kuma mai gidan ya ƙi yarda injiniya ya duba, da gajeren wa'adin mallaka da ba a san mai ƙasar ba. Kada ku zuba duk abin da kuka tara a kafin alƙalami, ku ware wani abu na gyaran shekarar farko, kuma kada ku ba mai gidan hayarku sanarwar tashi sai an yi musayar takardu. Inshorar gini ta fara aiki daga ranar musayar, domin a ƙa'idar da aka saba tun daga ranar alhakin ginin yake komawa kan mai saye, ko da makullin bai zo hannunku ba tukuna.